Edmund Burke: Ɗan Majalisar Da Ya Saɓa Wa Mazaɓarsa, Ya Kuma Saɓa Wa Jam'iyyarsa



'Yan'uwa, duk lokacin da wani ɗan majalisa ya sauya sheƙa, ko ya kaɗa ƙuri'a saɓanin jam'iyyarsa, sai gardama ta kaure: wai shi wakilin wa ne? Na jam'iyyar da ta ba shi tikiti, ko na talakan da ya sha rana a layi? To wannan gardama ba yau ta fara ba. Akwai wani Bature da ya rayu a tsakiyarta fiye da shekara 200 da suka wuce, kuma ya ɗanɗana kuɗarsa ta ɓangarorin biyu. Sunansa Edmund Burke.

An haife shi a Dublin, babban birnin Ailan, a shekarar 1729, lokacin ƙasar tana ƙarƙashin ikon Ingila. Mahaifinsa lauya ne mai bin ɗariƙar Furotestan, mahaifiyarsa kuma 'yar Katolika. A wancan zamani doka ta hana 'yan Katolika shiga majalisa da riƙe muƙaman gwamnati, saboda haka tun yana yaro ya ga yadda ake danne dangin uwarsa da sunan doka. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa. Ya yi karatu a kwalejin Trinity da ke Dublin, a 1750 ya tafi Landan karatun lauya, amma ya watsar ya kama rubuce-rubuce.

A 1765 ya zama sakataren Lord Rockingham, jagoran wani ɓangare na jam'iyyar Whig, wanda ya zama firaminista a wannan shekarar. A ƙarshen shekarar Burke ya shiga majalisa daga Wendover, wata ƙaramar mazaɓa da ke aljihun wani mai dukiya, Lord Verney. Wato dai kujerar ubangida ce, wanda ya ga dama yake bai wa.

A lokacin mutane da yawa suna kallon jam'iyya a matsayin ƙungiyar 'yan tada fitina. Burke ne ya fito a 1770 ya rubuta littafi yana kare ta. Hujjarsa ita ce Sarki George na Uku da 'yan fadarsa suna sayen 'yan majalisa ɗaya bayan ɗaya da muƙamai da kuɗi, kuma mutum ɗaya, komai gaskiyarsa, ba zai iya ja da fada ba. Dole masu manufa ɗaya su haɗu su tsaya tare, sannan su iya taka wa gwamnati birki. Amma ku lura, a wurinsa manufa ce ke haɗa jam'iyya, muƙami yana biyo baya ne don a aiwatar da ita.

A 1774 aka gayyace shi takara a Bristol, birnin 'yan kasuwa mai tashar jiragen ruwa, mai dubban masu zaɓe na gaske. Ya ci tare da wani ɗan kasuwa, Henry Cruger, domin birnin kujeru biyu gare shi. Ranar 3 ga Nuwamba, a jawabin godiya, Cruger ya nuna zai bi umarnin masu zaɓe. Da Burke ya miƙe sai ya faɗa musu abin da ba su saba ji ba. Ya yarda wajibi ne wakili ya kusanci mutanensa, ya saurare su, ya fifita buƙatunsu a kan jin daɗinsa. Sai dai hankalinsa da lamirinsa amana ce da ba zai miƙa wa kowa ba. A ganinsa majalisa wuri ne da ake zama a ji hujja a yanke abin da ya fi wa ƙasa baki ɗaya, kuma wanda aka ɗaure wa hannu tun daga gida zaman sauraron hujja bai amfane shi da komai ba.

Magana a baki mai sauƙi ce, jarrabawa ta zo a 1778. Aka kawo ƙudurin sassauta takunkumin da Ingila ta ɗora wa kasuwancin Ailan. 'Yan kasuwar Bristol suka ga za a yi musu kishiya, suka yi ta rubuto masa wasiƙu ya ƙi amincewa. Ya ba su amsa a rubuce, ya kuma goyi bayan ƙudurin. A shekarar dai ya goyi bayan dokar rage wa 'yan Katolika ƙunci, daga baya ya mara wa wani ƙuduri na sassauta wa waɗanda ake ɗaurewa saboda bashi. A watan Yunin 1780 tarzomar ƙin jinin Katolika ta ɓarke a Landan, ɗaruruwa suka mutu, har sai da sojoji suka tsare gidansa. Da zaɓe ya zo a watan Satumba, ya je Bristol ya kare kansa dalla-dalla, ya ga ba nasara, ya janye.

Amma fa a yi adalci. Mutanen Bristol ma suna da hujja: cikin shekara shida da ƙyar suka ga ƙeyarsa a garin. Sannan da ya rasa kujerar, Rockingham ne ya ba shi ta Malton, wata mazaɓar aljihu, ya zauna a kanta har 1794. Kun ga ke nan, wanda ya ƙi umarnin dubban masu zaɓe, inuwar ubangida ce ta rufa masa asiri.

Daga wannan kujera ya jagoranci tuhumar Warren Hastings, tsohon gwamnan Turawa a Indiya, kan zaluntar mutanen da ba su da ƙuri'a ko ɗaya a Ingila. Da aka kawo uzurin cewa mulkin danniya al'adar ƙasashen Gabas ce, Burke ya kafa hujja da cewa shari'ar Musulunci ma ta ɗaure mai mulki da doka. An fara shari'ar a 1788, aka wanke Hastings a 1795.

Jarrabawa ta biyu daga cikin gida ta fito. A 1789 aka yi juyin juya hali a Faransa. Charles James Fox, jagoran jam'iyyarsu kuma amininsa na fiye da shekara ashirin, ya yi murna da abin. Burke kuwa ya hango jini da rushewar doka, ya rubuta littafi a kai a 1790. Ranar 6 ga Mayu 1791, ana muhawara kan tsarin mulkin Kanada, 'yan jam'iyyarsa suka yi ta katse shi, sai ya bayyana a gaban majalisa cewa abotarsa da Fox ta ƙare. Fox ya tashi zai ba da amsa, hawaye suka hana shi magana. Aka kira Burke maci amana, shi kuma ya dage cewa jam'iyyar ce ta bar manufarta. A 1794 wani babban ɓangare na jam'iyyar ya bi ra'ayinsa ya haɗe da gwamnatin William Pitt.

Shekarar nan ya yi ritaya ya bar wa ɗansa Richard kujerar, cikin 'yan makonni ɗan ya mutu. Ya karɓi fansho daga gwamnati, abokan hamayya suka samu abin yi masa gori. Da ciwo ya kwantar da shi Fox ya nemi zuwa dubiya, ya ƙi, don kada a ɗauka ya janye matsayinsa. Ya mutu ranar 9 ga Yulin 1797 a Beaconsfield, bai taɓa shiga majalisar ministoci ba. Yau akwai mutum-mutuminsa a Bristol ɗin da ta juya masa baya.

To mu a Najeriya, tsarin mulkin 1999 bai ba da damar takara ba tare da jam'iyya ba. Sashe na 68 ya ce mai sauya sheƙa zai rasa kujerarsa sai idan jam'iyyar ta rabu ko ta haɗe da wata, sashe na 69 kuma ya ba masu zaɓe damar kiranye. Igiya biyu ke nan a wuyan wakili. Idan naka ya saɓa wa jam'iyya ko ya saɓa maka, kafin zagi ko yabo ka duba abu biyu: ya zo ya faɗi hujjarsa a fili? Sannan matakin da ya ɗauka, asara ya jawo masa ko kwangila? Kai kuma mai girma ɗan majalisa, in lamirinka ya hana ka bin mutanenka, ka dawo gida ka dube su ido da ido ka yi bayani, kada sai zaɓe ya ƙarato.

Allah Ya ba mu wakilai masu riƙon amana, Ya sa mu ma mu zama masu zaɓe na gari.