Stephen Paget: Likitan da ya gane cewa daji ma yana zaɓen gonarsa

Duk wanda ya tashi a Kunduru ko wani gari na ƙasar Kankia da Kusada ya san ba kowace ƙasa ce ke karɓar kowane iri ba. Gero na son jigawa, rake da shinkafa sai fadama. Iska kan kwashi iri ta watsa ko'ina, amma ba ya tsira sai inda ƙasar ta yi masa. Wannan ilimi na manomi shi ne wani likitan fiɗa ɗan Ingila ya ɗauka a 1889 ya bayyana yadda sankarar mama ke yaɗuwa a jikin mace. Sunansa Stephen Paget, kuma har yau masu binciken ciwon daji a kan tambayarsa suke aiki.

An haife shi a Landan ranar 17 ga Yuli, 1855. Mahaifinsa, Sir James Paget, babban likitan fiɗa ne da ya kai har yana duba Sarauniya Victoria, kuma shi ne a 1874 ya bayyana wata cuta ta kan nono mai kama da ƙaiƙayin fata alhali akwai daji a ƙarƙashinta, cutar da har gobe ake kiranta da sunan gidansu. 'Yan uwan Stephen biyu, Francis da Luke, sun zama manyan limaman coci. Shi kuwa ya gaji sana'ar uba. Ya yi makarantar Shrewsbury, ya wuce Oxford, sannan ya koyi likitanci a asibitin St Bartholomew, inda mahaifinsa ya yi suna. Ɗan babban gida ne, amma a asibiti ba shi da wani babban matsayi lokacin da ya yi aikin da ake tunawa da shi. Mataimakin likitan fiɗa ne kawai, yana ɗan shekara 33.

Tambayar da ta dame shi ita ce: idan daji ya fara a mama, me ke sa ya je ya sauka a wannan gaɓa ya tsallake waccan? Yawancin likitocin zamanin sun ɗauka sa'a ce kawai. A ganinsu ƙwayoyin dajin kan ɓalle su shiga jini, duk inda suka maƙale a ƙaramar jijiya nan za su girma, kamar yadda yayi ke tsayawa a bakin kwalbati.

Paget ba shi da na'urorin da muke gani a ɗakin gwaje-gwaje yanzu. Abin da yake da shi takardu ne. Ya tattara bayanan binciken gawar mata 735 da sankarar mama ta kashe, ya zauna yana ƙirga inda dajin ya je a kowacce. A mata 241 ya kama hanta. Saifa kuwa 17 kacal, alhali ita ma jini mai yawa ke ratsa ta. Don kada a ce haka saifa take da kowace cuta, sai ya kwatanta da gawarwaki 340 na waɗanda ruɓar jini ta kashe: an samu maruru a hanta sau 66, a saifa sau 39. Ka ga tazarar ba ta kai ko kusa da ta daji ba. Ya kuma lura dajin na yawan zuwa ma'ajiyar ƙwan mace da wasu ƙasusuwa kamar na cinya da na damtse, amma da wuya ya taɓa ƙashin tafin hannu ko na ƙafa.

Daga nan ya yanke cewa ba sa'a ba ce. Ƙwayar daji iri ce, gaɓoɓin jiki kuma gonaki ne, jini na kai irin ko'ina amma sai ƙasar da ta dace yake tsira. Mujallar likitoci The Lancet ta buga aikin a 1889. Bai ɓoye cewa wani likitan ido na ƙasar Ostiriya, Ernst Fuchs, ya riga shi hango irin wannan tunani ba. Wannan kaɗai darasi ne ga mu masu rubuta firojet.

To amma duniyar likitanci ba ta rungumi maganar nan da nan ba. A 1928 wani babban masanin cututtuka a Amurka, James Ewing, ya ce tsarin magudanar jini ya isa ya bayyana komai, kuma maganarsa ce ta yi rinjaye shekara da shekaru. Shi kansa Paget bai ci gaba da binciken daji ba. Ya zama likitan kunne da maƙogwaro a asibitin Middlesex, ya kuma duƙufa ga rubutu. Ya rubuta tarihin John Hunter da na Ambroise Paré, manyan likitocin fiɗa na da, ya tattara tarihin mahaifinsa da wasiƙunsa a 1901. A 1908 ya kafa ƙungiyar Research Defence Society don kare gwajin magani a kan dabbobi, a lokacin da ake zazzafar adawa da hakan a Ingila. Ya ajiye aikin asibiti a 1910.

Ba kullum hasashensa ke daidai ba fa. A littafinsa kan fiɗar ƙirji na 1896 ya nuna cewa tiyatar zuciya ta kai iyakar da ba za a iya wucewa ba. A wannan shekarar ce wani likitan Jamus, Ludwig Rehn, ya ɗinke zuciyar wani saurayi da aka soka da wuƙa a Frankfurt, kuma ya rayu. Inda Paget ya yi ƙirga ya dace, inda ya yi zato ya kuskure. Ya rasu a garin Limpsfield ranar 8 ga Mayu, 1926, bai ga ranar da za a gaskata shi ba.

Ranar ta zo a 1980, shekara 91 bayan aikin nasa. Ian Hart da Isaiah Fidler a Amurka suka dasa wa ɓeraye guntayen huhu da ƙoda da ma'ajiyar ƙwai a wani wuri dabam na jikinsu, sannan suka zuba musu ƙwayoyin dajin fata a jini. Ƙwayoyin sun isa duk guntayen, amma dajin ya tsira a huhu da ma'ajiyar ƙwai, ya ƙi tsira a ƙoda. Wato irin gwajin dabbobin da Paget ya sha suka wajen karewa shi ne ya wanke shi. A 2001 kuma aka gano cewa ƙwayoyin sankarar mama na ɗauke da wani sinadari a jikinsu, CXCR4, da ke bin sawun wani sinadarin da ya yi yawa a huhu da hanta da ɓargo. Yanzu an yarda Ewing ma yana da rabonsa na gaskiya, domin dajin hanji kan fara sauka a hanta saboda can jinin hanji ke nufa. Hanya na da tasiri, ƙasa ma na da tasiri.

Idan iri na tafiya a cikin jini, ashe ana iya tare shi a hanya a gan shi. Tun 1869 wani likita a Ostireliya, Thomas Ashworth, ya hango ƙwayoyin daji a jinin wani mamaci. A 2004 hukumar magunguna ta Amurka ta amince da na'urar CellSearch mai ƙirga irin waɗannan ƙwayoyi a jinin masu sankarar mama da ta yaɗu. Akwai kuma gwajin CA 15-3, wanda likita ke bibiya da shi ya ga ko magani na aiki. Sai dai a kula, wannan gwaji ba na gano daji a farkonsa ba ne. Mace na iya samun sakamako mai kyau alhali ƙullutun na nan. Kada wani ya sayar wa 'yar uwarmu gwajin jini a madadin ganin likita.

Me ya shafe mu? Alƙaluman hukumar binciken daji ta duniya sun nuna a 2020 mata sama da 28,000 suka kamu da sankarar mama a Najeriya, sama da 14,000 suka rasu. Mafi yawansu ba sa zuwa asibiti sai abin ya yi nisa. Dukkanmu mun san maganar da ake yi a gidajenmu, wai daji ba ya son ƙarfe, da an taɓa shi da allura ko wuƙa sai ya fantsama. Abin da ke faruwa shi ne, ana ɓata watanni ana shafe-shafe da jiƙe-jiƙe, kafin a kai ta Katsina ko Asibitin Malam Aminu Kano ko Shika irin ya riga ya sauka a hanta ko ƙashi. In ta rasu bayan tiyata sai a ɗora wa wuƙa laifi, ta gaba ma ta ƙi zuwa. Ƙullutun da ke zaune a mama kaɗai ana iya cire shi a warke. Wanda ya yaɗu ne ke kisa.

Saboda haka 'yar uwa ɗaliba, in kin ji ƙullutu a mama ko hammata, ko kan nono ya shige ciki, ko yana fitar da jini, ko fatar ta canza, ki je asibiti ko da ba ya ciwo. Yawancin ƙullutai a shekarunmu ba daji ba ne, amma likita ne zai faɗa. Kai kuma ɗan uwa, in an tafi hutu ka kai wa Inna da yayye da gwaggo wannan magana, cikin ladabi.

Masu karatun kimiyyar gwaje-gwaje da ƙididdiga da adana bayanan lafiya, ku dubi abin da Paget ya yi aiki da shi. Wasu ma'aikata da ba a ma san sunayensu ba ne suka rubuta bayanan mata 735 dalla-dalla, shi ya sa ya samu abin ƙirgawa. Gobe idan aka ba ɗayanmu rajistar asibiti a Kankia ko Kusada, ya cike ta da gaskiya, kowane layi. Ba mu san wanda zai zo ya ƙirga ba.