Ernie Davis: Baƙar fata na farko da ya lashe kyautar Heisman, ya rasu yana ɗan shekara 23

A Amurka, ƙwallon ƙafa irin tasu, wadda ta yi kama da zari-ruga, tana da farin jini sosai a jami'o'i. Babbar kyautar da ɗalibi ɗan wasa ke burin samu ita ce Heisman, kuma tun da aka fara bayar da ita a 1935 babu baƙar fatar da ya taɓa ɗaukarta sai a 1961, lokacin da Ernie Davis ya lashe ta.

An haifi Davis ranar 14 ga Disamban 1939 a jihar Pennsylvania. Mahaifinsa ya rasu tun yana jariri, don haka ya taso a hannun kakanninsa a garin Uniontown, yana fama da in'ina. Yana ɗan shekara 12 ya koma wurin mahaifiyarsa a Elmira da ke jihar Niyok, inda ya yi fice a wasanni tun a sakandare.

Daga nan ya shiga Jami'ar Syracuse, aka ba shi riga mai lamba 44, wadda shahararren ɗan wasa Jim Brown ya saka kafinsa.

Kakar 1959 ce ta fito da sunansa. A ƙarƙashin koci Ben Schwartzwalder, Syracuse ta buga wasa 11 ta ci duka, ta zama zakarar jami'o'in Amurka. Wasan ƙarshe shi ne na Cotton Bowl a birnin Dallas ranar 1 ga Janairun 1960, inda ta doke Jami'ar Teksas da ci 23 da 14. Davis ya kai ƙwallo gidan abokan karawa har sau biyu, aka zaɓe shi gwarzon wasan.

Sai dai a lokacin wariyar launin fata na da ƙarfi a kudancin Amurka. A liyafar da aka shirya bayan wasan, ba a bar Davis da sauran baƙaƙen fata na ƙungiyarsa sun zauna har ƙarshe ba, duk da cewa shi ne tauraron ranar.

Bayan ya karɓi Heisman a 1961, Shugaba John F. Kennedy ya gana da shi a Niyok. Da ƙungiyoyin ƙwararru na NFL suka zo zaɓen sabbin 'yan wasa, shi aka fara ɗauka. Ƙungiyar Washinton, wadda har lokacin ba ta taɓa saka baƙar fata a wasa ba, ita ta zaɓe shi, sannan ta miƙa shi ga Cleveland Browns, inda aka sa ran zai yi wasa tare da Jim Brown.

Hakan bai yiwu ba. A tsakiyar 1962 likitoci suka gano yana ɗauke da sankarar jini. Ya rasu a wani asibiti a Cleveland ranar 18 ga Mayun 1963, ba tare da ya buga wa ƙungiyar wasa ko ɗaya ba.

Duk da haka Browns ta jingine lamba 45 da ta ba shi, ba ta sake bai wa kowa ba. A 2008 aka yi fim kan rayuwarsa mai suna The Express. Kabarinsa na garin Elmira.