William Banting: mai harhaɗa akwatin gawa da ya koya wa Turawa rage ƙiba

William Banting ba likita ba ne, amma sunansa na cikin tarihin yaƙi da ƙiba. An haife shi a Ingila a 1796. Sana'ar gidansu a birnin Landan ita ce harhaɗa akwatin gawa da shirya jana'iza, har ma ta ƴan gidan sarauta.

Tun yana da shekara talatin da ƴan kai ƙiba ta fara damunsa. Wani likita ya ba shi shawarar motsa jiki, sai ya shiga tuƙin kwale-kwale, amma hakan ya ƙara masa cin abinci, nauyi kuma ya ƙaru. Ya sha magungunan wanke ciki, ya yi wankan surace, ya gwada zama da yunwa, duk a banza. A 1862 nauyinsa ya kai kusan kilo 92, alhali tsawonsa bai wuce santimita 165 ba. Ba ya iya sunkuyawa ya ɗaure takalminsa, kuma da baya-baya yake saukowa daga bene saboda ciwon gwiwa.

Da jinsa ya fara raguwa, ya je wurin likitan kunne William Harvey. Wannan likita ya taɓa sauraron darussan masani Claude Bernard a birnin Paris kan yadda hanta ke samar da sukari a jiki, abin da ke da alaƙa da ciwon sukari. Harvey ya yi tunanin cewa abinci mai sukari da sitaci na iya haddasa ƙiba. Saboda haka ya hana Banting burodi, man shanu, madara, sukari, giya da dankalin Turawa, ya bar masa nama, kifi da ganyaye.

Cikin kusan shekara ɗaya Banting ya rage kimanin kilo 21, jinsa ya gyaru, ya koma hawa da sauka ba wahala. A 1863 ya buga ɗan ƙaramin littafi da kuɗin aljihunsa, ya riƙa raba shi kyauta. Da buƙata ta yi yawa aka fara sayarwa, shi kuma ya ba da ribar sadaka.

Likitoci da dama sun yi masa ca, suna cewa mutumin da bai karanci likitanci ba bai isa ya tsara wa jama'a abinci ba. Jama'a dai ba su saurare su ba. Sunansa ya zama kalmar da ake nufin rage ƙiba da ita, kuma har yau haka take a harshen mutanen Suwidin.

Banting ya rasu a watan Maris na 1878 yana da shekara 81. Wani danginsa na nesa, Frederick Banting, na cikin waɗanda suka gano insulin a Kanada a 1921.

Masana na ci gaba da muhawara kan tsarin abincin da ya fi, amma sun yarda cewa ƙiba na kan gaba cikin abubuwan da ke jawo ciwon sukari nau'i na biyu. Wani bincike da aka wallafa a Birtaniya a 2017 ya nuna cewa kusan rabin masu ciwon da suka bi tsarin rage nauyi ƙarƙashin kulawar ma'aikatan lafiya sun samu sukarinsu ya daidaita ba tare da magani ba bayan shekara guda.