Abu Raihan Al-Biruni: Malamin da ya auna duniya, ya karanta tarihinta a jikin duwatsu

A cikin malaman Musulunci da suka yi fice a ilimin lissafi da falaki, da wuya a sami wanda ya kai Abu Raihan Muhammad ɗan Ahmad Al-Biruni yawan fannoni da tsananin bin diddigi. Ya rubuta tarihi, ya tsara kalandar al'ummomi, ya koyi harshen Hindu, ya auna nauyin ma'adinai. Sai dai akwai ɓangaren rayuwarsa da ba a cika ambato ba, wato yadda ya dubi ƙasar da muke takawa ya fahimci cewa tana sauyawa sannu a hankali, tudu ya koma teku, teku ya koma tudu. Wannan fahimta ta zo masa kimanin shekaru 900 kafin masana su gano abin da ke motsa nahiyoyi.

Haihuwarsa da tasowarsa

An haifi Al-Biruni a watan Zulhajji na shekarar 362 bayan Hijira, daidai da Satumbar 973 Miladiyya, a bayan garin Kath, babban birnin ƙasar Khawarizm a wancan zamani. Yankin yana cikin Uzbekistan ta yau, kuma garin da ke wurin yanzu sunansa yake ɗauke da shi. Ya taso a hannun Abu Nasr Mansur ɗan Iraƙ, ɗan gidan sarauta kuma gwanin lissafi, wanda ya koya masa ilimin taurari tun yana yaro. Yana da shekara 17 ya auna tsayin rana a tsakiyar sama, ya fitar da matsayin garinsu a doron ƙasa.

Darasinsa na farko game da sauyawar ƙasa a ƙofar gida ya same shi. Birnin Kath yana bakin kogin Jaihun, wanda ake kira Amu Darya a yau, kogi ne mai zaizayar gaɓa da yawan sauya hanya. Akwai tsohuwar ganuwar sarakuna mai suna Al-Fir a gefen birnin, kogin ya riƙa cin ta kaɗan-kaɗan kowace shekara, har ya shafe ta gaba ɗaya a shekarar 994. Al-Biruni ya shaida hakan da idonsa, ya kuma rubuta shi daga baya. Wanda ya ga ruwa ya cinye ginin sarakuna cikin 'yan shekaru, ba zai yi masa wuya ya tambayi abin da ruwa zai iya yi cikin dubban shekaru ba.

Gudun hijira da neman ilimi

A shekarar 995 aka kifar da gidan sarautar da ke kula da shi, ya bar gida ya shiga duniya. Ya zauna a Rayyu, kusa da Tehran ta yau, cikin ƙuncin rayuwa, amma a can ya sadu da masanin falaki Al-Khujandi, ya nazarci babbar na'urar da ya gina don auna tafiyar rana. A watan Mayun 997 ya koma Kath, inda ya shirya da Abul Wafa Al-Buzjani da ke Bagadaza cewa kowannensu zai lura da husufin wata guda ya rubuta lokacinsa. Da suka kwatanta, sai suka sami tazarar kusan sa'a ɗaya tsakanin biranen biyu, wadda ta nuna musu nisan gabas da yamma da ke tsakaninsu. A waɗannan shekaru ne kuma ya yi musayar wasiƙu da Ibnu Sina, yana yi masa tambayoyi masu tsauri a kan ra'ayoyin Aristotal game da sama da ƙasa.

Wajen shekarar 1000 yana fadar Ƙabus ɗan Wushmagir a Jurjan, inda ya wallafa Al-Asarul Baƙiya, littafin da ya tattara kalandu da bukukuwan al'ummomin da suka shuɗe. Daga nan ya koma Khawarizm ya yi wa sababbin sarakunanta hidima, har zuwa shekarar 1017 da Sarki Mahmud na Gazna ya ci ƙasar da yaƙi. Aka tafi da shi Gazna, a Afganistan ta yau, tare da wasu malamai, ba da zaɓinsa ba. Wannan tafiya ta dole ita ce ta buɗe masa ƙofar ƙasar Hindu.

Awon duniya a kan dutsen Nandana

Kimanin shekaru 200 kafin lokacinsa, Halifa Al-Ma'amun ya aika masana cikin hamadar Sinjar su auna girman duniya ta hanyar tafiya da igiyoyin awo. Aiki ne mai buƙatar jama'a da dukiya, kuma Al-Biruni ya taɓa yunƙurin maimaita shi kusa da Jurjan bai sami mai tallafa masa ba. Saboda haka ya nemi hanyar da mutum ɗaya zai iya bi.

Ya same ta a ganuwar Nandana, cikin tsaunukan gishiri na yankin Punjab a Pakistan ta yau, inda dutse ke kallon fili shimfiɗaɗɗe iyakar ganin ido. Da farko ya tsaya a wurare biyu a filin, ya auna kusurwar ƙololuwar dutsen daga kowanne, ya fitar da tsayinsa ya kai zira'i 652. Sannan ya hau sama ya dubi inda sama ta haɗu da ƙasa. Saboda duniya dunƙulalliya ce, wanda ke kan tudu sai ya ɗan sunkuyar da ganinsa kafin ya riski wannan iyaka. Ya auna sunkuyawar ya same ta daƙiƙa 34, wato rabin daraja da 'yan kai. Da waɗannan adadi biyu ya lissafa nisan da ke tsakanin doron ƙasa da cibiyarta. Idan aka juya sakamakonsa zuwa awon yau, gwargwadon yadda masana suka ƙiyasta tsawon zira'insa, yana kusa da kilomita 6,340, alhali matsakaicin awon zamani kilomita 6,371 ne.

Abin lura a nan shi ne halinsa. Da ya ga sakamakonsa ya yi kusa da na masanan Al-Ma'amun, bai fifita nasa ba. Ya ɗauke shi a matsayin tabbatar da nasu, ya ci gaba da aiki da nasu adadin, bisa hujjar cewa kayan aikinsu sun fi nasa inganci.

Daga neman alƙibla zuwa tarihin ƙasa

A shekarar 1025 ya kammala littafin Tahdidu Nihayatil Amakin, wanda manufarsa ita ce tantance matsayin Gazna dangane da Bagadaza da Makka, domin a daidaita alƙiblar masallatanta bisa lissafi. Amma kafin ya shiga lissafin, sai da ya tsaya a kan wata tambaya: shin wuraren da ake aunawa a tsaye suke har abada?

Amsarsa ita ce a'a, kuma ya kawo hujjoji. Ya bayyana cewa hamadar Larabawa ta taɓa zama teku, domin masu haƙa rijiya suna tarar da jerin yashi da tsakuwa hawa-hawa, da duwatsun da idan aka fasa su ake samun ƙwanson halittun ruwa a ciki. Ya ga irin waɗannan duwatsu a hamadar da ke tsakanin Jurjan da Khawarizm. Ya bi sawun kogin Jaihun, ya nuna cewa a dā yana zuba ne a tekun Kasfiyan kafin ya karkata, ya bar tsofaffin hanyoyinsa a bushe da kufan garuruwa a gefensu. Ya ƙara da cewa idan wani yanki na ƙasa ya gusa daga wuri zuwa wuri, nauyinsa na gusawa tare da shi, don haka duniya kan sake daidaita kanta, yankuna su ɗaga ko su nutse, yanayinsu ya sauya. Ya jaddada cewa waɗannan al'amura suna ɗaukar zamani mai tsawon da tarihin mutane bai riske shi ba, kuma shaidarsu tana rubuce ne a jikin duwatsu.

Ya sake komawa kan batun a littafinsa game da ƙasar Hindu, wanda ya gama wajen 1030 bayan ya koyi harshen Sanskrit ya zauna da malamansu. Ya lura cewa duk inda aka haƙa a filayen ƙasar ana samun mulmulallun duwatsu, manya a kusa da tsaunuka inda koguna ke gudu da ƙarfi, ƙanana a nesa inda gudun ya lafa, sai yashi lallausa a bakin teku. Daga nan ya yanke cewa filin teku ne a dā, koguna suka cike shi da abin da suke kwasowa daga tsaunuka.

Abin da ilimin zamani ya ƙara

Adalci ne a faɗa cewa Al-Biruni bai gano motsin nahiyoyi ba, kuma bai yi da'awar haka ba. Ya ga alamomi, ya karanta su daidai, amma sanadin ya jira zuwan wasu. A shekarar 1912 Bajamushe Alfred Wegener ya gabatar da ra'ayin cewa nahiyoyi sun taɓa zama dunƙule ɗaya sannan suka rabu. Akasarin masana suka ƙi amincewa, ya rasu a Girinlan a 1930 ba a karɓa ba. Sai a shekarun 1960, bayan an binciki ƙasan tekuna, aka tabbatar cewa sabon dutse yana fitowa a tsakiyar teku yana faɗaɗa shi, tsoho kuma yana nutsewa a wasu gaɓoɓin.

Ga yadda masana ke bayanin cikin duniya a yau, wadda za a iya kwatanta ta da ɗan itace mai ɓawo da tsoka da ƙwallo. Ɓawon siriri ne, kaurinsa bai wuce kilomita 5 zuwa 10 a ƙarƙashin teku ba, a ƙarƙashin manyan tsaunuka kuma yakan kai 70. Ƙarƙashinsa akwai tsokar dutse mai zafi da ta kai zurfin kilomita 2,900, wadda ke motsi a hankali ƙwarai duk da taurinta. Sai ƙwallon ƙarfe, wajensa narkakke, cikinsa daskararre, kamar yadda Inge Lehmann ta gano a 1936 ta hanyar nazarin girgizar ƙasa. Ɓawon da saman tsokar sun tsattsage zuwa manyan alluna, kowanne yana gusawa santimita kaɗan a shekara, kwatankwacin yadda farce ke tsiro.

Da wannan aka fahimci abin da Al-Biruni ya gani. Allon da ke ɗauke da Indiya ya taso daga kudu ya yi karo da Asiya kimanin shekaru miliyan 50 da suka wuce, ya rufe wani tsohon teku da ake kira Tetis, ya tattare ƙasansa ya ɗaga shi sama ya zama tsaunukan Himalaya. Shi ya sa ake samun burbushin halittun teku a ƙololuwar Everest, mai tsayin mita 8,849. Nauyin tsaunukan ya lanƙwasa ƙasar da ke gabansu ta zama kwari, kogunan Indus da Ganges suka cike shi da tsakuwa da laka. Tsaunukan gishirin da ya tsaya a kansu a Nandana ma wannan karo ne ya tura su sama. Haka nan yawancin ƙasar Larabawa ta kwanta a ƙarƙashin ruwan teku na tsawon zamani, kuma daga ragowar halittunsa ne man fetur ɗin yankin ya samu. Mai karatu da ya san farar ƙasar Kalambaina a Sakkwato, wadda ake yin siminti da ita, ya san irin wannan shaida, domin ita ma a ƙarƙashin wani tsohon teku ta taru.

Motsin bai tsaya ba har yau. Indiya tana ci gaba da kutsawa arewa da kusan santimita 4 zuwa 5 a shekara, kuma a yankin da Al-Biruni ya rayu ne girgizar ƙasa ta afka wa Kashmir a 2005 da Herat a 2023, ta hallaka dubban mutane. Sanin inda alluna ke haɗuwa shi ke nuna wa hukumomi inda ya wajaba a ƙarfafa gini.

Ƙarshen rayuwarsa

Bayan rasuwar Mahmud a 1030, ya wallafa wa ɗansa Mas'ud babban kundin falaki mai suna Al-Ƙanunul Mas'udi. Masu tarihi sun ruwaito cewa sarkin ya aika masa da azurfa kayan giwa guda, ya mayar da ita baitulmali saboda ba ya buƙatarta. A zamanin Maudud ɗan Mas'ud ya rubuta Al-Jamahir a kan duwatsu masu daraja da ƙarafa. Ya ƙera wani kasko mai bututu, yana jefa ma'adini a ciki yana auna ruwan da ya tumbatsa, ta haka ya fitar da nauyin kowanne gwargwadon girmansa, kuma adadinsa na zinariya ya yi kusa ƙwarai da na yau. Daga baya bincike ya nuna cewa duniya gaba ɗaya ta ninka duwatsun samanta nauyi kusan sau biyu, abin da ya sa aka gane cewa cikinta ƙarfe ne.

An lissafa masa ayyuka sama da 140, amma waɗanda suka iso gare mu ba su wuce ashirin da 'yan kai ba. Na ƙarshensu a kan magunguna ne, ya rubuta shi gani da ji sun raunana. Yaƙut Al-Hamawi ya kawo labarin wani malamin fiƙihu da ya je duba shi yana gargara, sai Al-Biruni ya tambaye shi wata mas'ala a kan gadon kakanni mata. Baƙon ya tausaya masa ya so ya bar zancen, shi kuwa ya nuna masa cewa barin duniya yana sane da mas'alar ya fi barin ta yana jahiltarta. Malamin ya warware masa, ya fita, bai yi nisa ba ya ji kuka ya tashi a gidan.

Ya rasu a Gazna wajen shekarar 1050, yana da shekara kusan 77. Allah Ya jiƙansa, Ya gafarta masa, Ya amfanar da mu da abin da ya bari.