Marigayi Malam Aminu Kano da Rabuwar Santsi da Taɓo

Da kwamitin wannan mujalla ya nemi in kawo tarihin wani bawan Allah da ya yi tasiri a kanmu muna makaranta, ban yi dogon tunani ba na zaɓi Malam Aminu Kano, Allah ya jiƙansa, domin waɗanda muka zauna aji ɗaya ba za su manta irin gardamar da muka sha a kansa a ɗakin kwana ba.

An haifi Malam a birnin Kano a 1920. Mahaifinsa, Malam Yusufu, malamin shari'a ne, saboda haka ya ƙoshi da karatun addini tun a gida. Ya yi Midil ta Kano da Kwalejin Kaduna, wadda ta zama Barewa, sannan ya koyar a Midil ta Bauchi, inda ya shaƙu da Malam Sa'adu Zungur. Bayan ya ƙaro ilmi a Landan aka tura shi makarantar horon malamai ta Maru, daga nan ne ya ajiye aiki a 1950, shekarar da aka kafa NEPU a Kano. A 1953 ya zama shugabanta.

Tarihin NEPU ba a littafi na fara jinsa ba, a bakin mahaifina na ji shi, manomin rake ne a ƙasar Maƙarfi. A zamanin NPC, wanda ya yanki katin NEPU a ƙauye ya san abin da ya saya: ana iya ƙulla masa sharri a gaban alƙali, a ɗaure shi, ko a matsa masa a kan haraji har ya bar gari. Duk da haka suka jure, don Malam ya koya musu cewa talaka yana da ikon ya ce a'a, ƙasa kuma ba ta zama lafiya in bakin jam'iyya ɗaya kaɗai ake ji. Malam ya ci kujerar majalisar tarayya a 1959, ya kuma riƙe ma'aikatar sadarwa da ta lafiya a gwamnatin Janar Gowon, amma bai tara abin duniya ba.

Da aka ɗage takunkumin siyasa a 1978, jam'iyyu biyar suka sami rajista: NPN, UPN, NPP, GNPP da PRP ta Malam mai alamar makulli. A zaɓen 1979 PRP ta ci gwamnoni biyu, Alhaji Abubakar Rimi a Kano da Alhaji Balarabe Musa a tsohuwar Jihar Kaduna, wadda ta haɗa da Katsina. Suna hawa suka soke haraji da jangali. Lokacin Maƙarfi da Kudan duk suna ƙarƙashin Ikara, kuma na tuna mun je hutu mun tarar tsofaffi suna ta maimaita labarin, kamar ba su gaskata ba.

Murnar ba ta daɗe ba. Gwamnonin nan biyu suka riƙa zama da takwarorinsu na UPN da GNPP, su tara ke nan, da nufin haɗa ƙarfi a kan NPN. Uwar jam'iyya ta hana, suka ƙi bari, a 1980 aka ce an kore su. Su kuma suka ce shugabannin ne suka saki hanya suna neman kusantar gwamnatin Shagari, suka yi nasu taron, suka naɗa tsohon shugaban ma'aikata Michael Imoudu ya jagorance su. Nan aka sami 'yan Santsi, ɓangaren gwamnoni, da 'yan Taɓo, waɗanda suka tsaya tare da Malam, irin su Sabo Bakin Zuwo. Hukumar zaɓe ta FEDECO ɓangaren Malam ta amince da shi.

A nan zan faɗi laifina. Ni ɗan Santsi ne na gani-kashe-ni a lokacin, kamar yawancin masu jini a jika. Har na tsaya a muhawarar makaranta na ce Malam ya tsufa, tafiyar ta wuce shi. Malaminmu na tarihi bai tanka mini a gaban jama'a ba, sai da aka watse ya kira ni ofis ya tambaye ni ko na san wanda zai ci ribar wannan faɗa. Ban da amsa. A gida ma mahaifina ya yi kwanaki ba ya sakar mini fuska.

Amsar ta zo da wuri. A majalisar dokokin Kaduna NPN ce ke da rinjaye mai yawa, ta ƙi amincewa da kwamishinonin Balarabe sau da dama, ranar 23 ga Yuni 1981 kuma ta tsige shi, gwamna na farko da aka yi wa haka a Nijeriya. Ko da PRP tana haɗe, ƙuri'unta a majalisa ba su isa su cece shi ba, wannan gaskiya ne. Amma an tsige shi a lokacin da jam'iyyarsa ke jifan juna. A 1983 Rimi ya koma NPP ya sha kaye a hannun Sabo Bakin Zuwo, Kaduna kuwa Alhaji Lawal Kaita na NPN ya ɗauke ta.

Har yau ban ce gwamnonin ba su da hujja ba, don jam'iyyun adawa huɗu a warwatse ba za su iya da NPN ba. Sai dai Malam ya ga NEPU ta yi ƙawance da NCNC a Jamhuriya ta Farko, ya san yadda ƙaramar jam'iyya ke zama 'yar rakiya a irin wannan tafiya. Ina ganin abin da ya guda ke nan, mu kuma muka ɗauka tsoro ne.

Wasu sun ce yawan jam'iyyu ne ciwon. Janar Babangida ya gwada maganin a 1989, ya ƙi yi wa ƙungiyoyin da suka nema rajista, ya ƙirƙiro SDP da NRC, gwamnati ta rubuta musu manufofi, ta gina musu ofisoshi a ƙananan hukumomi. To, me ya faru? Santsi da Taɓo suka kwashe tabarmarsu suka shiga SDP, rikicin ya bi su, har Kabiru Gaya na NRC ya ci Kano a 1991. A Kaduna ma Alhaji Dabo Lere na NRC ne ya kayar da Farfesa Ango Abdullahi. Tsarin yana da nasa alherin, tun da a 1993 Abiola ya ka da Bashir Tofa a Kanonsu, amma bai hana ɓaraka a cikin gida ba. Mu mutanen wannan yanki mun sake ganin irinta a kusa, lokacin da PDP ta dare biyu a 2016 tsakanin ɗanmu Sanata Ahmed Maƙarfi da Ali Modu Sheriff, sai da Kotun Ƙoli ta raba gardama a watan Yuli 2017.

Malam bai ga ko ɗaya daga cikin waɗannan ba. Ya rasu ranar 17 ga Afrilu 1983, ana shirin zaɓen da zai sake tsayawa takarar shugaban ƙasa. An binne shi a gidansa na Gwammaja, wanda ake kira Mambayya, Jami'ar Bayero kuma ta mai da shi cibiyar nazarin dimokuraɗiyya. Ranar da labarin ya iso mu, mahaifina ya ce in shirya in raka shi Kano ta'aziyya. Muka tari mota a bakin titin Zariya zuwa Kano, ta cika maƙil da 'yan Santsi da 'yan Taɓo, har muka sauka babu wanda ya ta da maganar jam'iyya. Allah ya gafarta wa Malam, ya jiƙan iyayenmu da malamanmu da suka riga mu gidan gaskiya, amin.