TARIHIN SIR ARNOLD THEILER, LIKITAN DABBOBI

An haifi Arnold Theiler ran 26 ga watan Maris, 1867, a garin Frick cikin ƙasar Suwizalan. Ya yi karatun likitancin dabbobi a ƙasarsu, ya sami takardar shaida cikin 1889, sa'an nan ya yi ƙaura zuwa Taransibal, cikin Afirka ta Kudu, a 1891. Da ya isa bai sami aikin likita ba, sai ya shiga ƙodago a wata gona kusa da Firitoriya. A nan ne injin yankan ciyawa ya datse masa hannun hagu. Duk ayyukan da za a ambata a nan da hannu guda ya yi su.

Sunansa ya fara fitowa cikin 1893, sa'ad da agana ta ɓarke a Johannasbag, shi kuwa ya haɗa maganin da aka yi wa mutane lamba da shi. Amma babban gwajinsa bushiya ce. Wannan annoba ta shigo Afirka ta wajen Iritiriya cikin 1887, ta bi ta Habasha da Sudan, har ta iso ƙasashenmu ta karkashe shanun Filani. Cikin 1896 ta ƙetare kogin Zambezi ta nufi kudu, inda ta kashe shanu fiye da miliyan biyu. Noma ya tsaya, sufuri ya tsaya, domin shanu ke jan kekunan kaya.

Cikin wannan shekara Gwamnatin Taransibal ta naɗa shi likitanta na dabbobi. Shi da wani abokin aikinsa, Watkins-Pitchford, suka duƙufa kan wata dabara, watau a ɗebi ruwan jinin saniyar da ta kamu ta warke, a ɗura wa mai lafiya, don jikinta ya sami ƙarfin jure cutar. Da wannan hanya, da wasu irinta, aka tsirar da garkuna masu yawa.

Cikin 1908 aka buɗe masa babban gidan bincike a Onderstepoort. Ya yi aiki kan ciwon dawaki da cututtukan da kaska ke kawowa, har aka raɗa wa wata ƙwayar cuta sunansa, ana ce da ita Theileria. Akwai kuma wani ciwo mai shanye jikin shanu wanda ya daɗe yana ɗaure wa makiyaya kai. Theiler ya gano ashe ƙasar wurin ce ba ta da isasshen gishirin fosfaras, don haka shanu ke gaigayar ƙasusuwan mushe, su kwashi guba daga ciki. Maganinsa kuwa mai sauƙi ne, a riƙa ba su garin ƙashi mai tsabta.

Sarkin Ingila ya ba shi girman Sir cikin 1914. A 1920 ya zama shugaba na farko na makarantar likitocin dabbobi ta Onderstepoort. Ya huta da aiki cikin 1927, ya rasu a Landan ran 24 ga watan Yuli, 1936.

Bai ga ƙarshen bushiya da idonsa ba, gama sai cikin 2011 aka tabbatar an kawar da ita daga duniya. Amma duk mai garke, ko a nan ko a can, ya ci moriyar yaƙin da su Theiler suka soma.