Sinan, Sarkin Maginan Santambul, Da Gadojinsa

A wannan mako filinmu zai duba rayuwar Sinan, babban maginin Daular Usmaniyya, ta Turkawa nake nufi, ba tamu ta Sakkwato ba. An fi saninsa da masallatai, amma ni gadojinsa zan fi dubawa, gama mu mutanen ƙasar Gwarzo da Kabo mun san abin da rafi yake yi wa hanya in damina ta yi nisa.

An haife shi wajen shekarar 1490 a wani ƙauye kusa da Kaisari, cikin gidan Kirista. Yana saurayi aka ɗauke shi soja, ya musulunta, ya koyi sassaƙa. A yaƙin 1538 ya kafa wa rundunar Sultan Sulaiman gadar katako a kan kogin Purut cikin kwana 13, ba da daɗewa ba kuwa aka naɗa shi shugaban magina. Shekara hamsin ya yi a wannan muƙami. Shi ya gina masallacin Sulaimaniyya a Santambul, aka gama a 1557, da na Salimiyya a Edirne.

To, me ya sa gadarsa take daɗewa? Dutse yana jure danni, jan tsiya ne ba ya jurewa. In an shimfiɗa shi miƙe a kan rafi sai ya tsage. Amma in an sassaƙa duwatsu, kowane da kai mai faɗi da gindi siriri, aka jera su bisa lanƙwasasshen katako har aka sa na tsakiya, to ko an janye katakon suna nan, nauyi sai ƙara matse su yake yi, yana gangarawa zuwa ginshiƙai. Ginshiƙan kuma akan yi musu hanci mai tsini don su raba ruwa. Wanda ya taɓa ɗaga kai ya dubi bakan gizon da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya ɗaura a masallacin Juma'a na Zariya ya ga dangin wannan hikima, ko da yake shi da ƙasa da azara ya yi.

Gadar Buyuk Cekmeje, yamma da Santambul, an gama ta a 1567. Gadoji huɗu ne aka haɗa, baka 28, tsawonta ya haura mita 600. Abin lura, a nan ne aka rubuta sunansa a jikin dutse, ba a Sulaimaniyya ba. A ganina wannan ba ƙaramin abu ba ne: masallaci na masu salla ne, gada kuwa Musulmi da Kirista da jakin fatake duk ita suke takawa.

Ta kogin Dirina a Bosniya, mai baka 11, waziri Muhammadu Basha Sokollu ya sa ya gina, aka gama a 1577. A ambaliyar 1896 ruwa ya shanye ta baki ɗaya, da ya janye sai ga ta tsaye. Abin da kogi ya kasa, mutane suka yi: an rusa wasu bakunanta a yaƙin duniya na ɗaya da na biyu, daga baya aka gyara. Gadar Mostar ma, wadda almajirinsa Hairuddin ya gina a 1566, shekara 427 ta yi kafin igwa ta kayar da ita a 1993, aka sake buɗe sabuwa a 2004.

Sinan ya rasu a 1588, yana gab da shekara ɗari. An binne shi a wani ƙaramin hubbare da ya tsara da kansa, jikin katangar Sulaimaniyya. Allah ya jiƙansa, amin.